Jagoran da Bai Taɓa Waiwayawa Ba

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan la'asar

'Yarmu Rabab ce ta bar littafin nan da ta zo daga Alƙahira, wai in riƙa rubuta lokutan ɗiga wa babanta magani a ido. Na rubuta na kwana biyu na gaji. Magani sau huɗu a rana ai ba sai an buɗe masa littafi ba. Amma shafukan suna da yawa, ni kuma ina da maganar da ba ni da wanda zan gaya wa a gidan nan.

Ranar Alhamis muka dawo daga wurin likita. Idon hagu tuni ciwon suga ya tafi da shi shekara shida da suka wuce. Yanzu maganar na dama ake yi. Likita ya ce in an yi aiki, ko a tsirar da abin da ya rage, ko a rasa shi a ranar. In ba a yi ba, zai tafi a hankali kafin zafi ya shigo. Ya ba mu rana, sha ɗaya ga Fabrairu, ya ba mu takarda ɗaya da mijina Fikri zai sa wa hannu.

Fikri ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya tambayi likitan ko ya taɓa shiga kaburburan Kom Shuƙafa. Likita ya ce a'a. Ya ce, "Haba likita, ɗan Iskandariya guda! Ka zo ranar hutunka, ni da kaina zan zagaya da kai."

Takardar tana kan firij, na danne ta da kwalbar zuma. Bai sa hannu ba.

Litinin, 13 ga Janairu, da hantsi

Ya fita aiki ƙarfe takwas, da kwat ɗinsa mai ruwan toka da jar laimar nan da yake ɗagawa sama don baƙi su riƙa hango shi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana zagayawa da baƙi wuraren tarihin garin nan. Na ce, "Abu Rabab, ka huta yau mana, hadari ya haɗo." Ya leƙa taga ya ce, "Ke dai Ummu Rabab kin fi gidan rediyo. Sama garau take."

Sama kuwa baƙa ƙirin.

Shayi ma rabi ya zuba a kofi, rabi a kan tebur. Na goge ban ce komai ba, shi ma bai ce komai ba. Wannan kam mun ƙware a kai, mu biyun.

Talata, 14 ga Janairu, da azahar

Rabab ta kira. Na ce lafiya lau muke.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan la'asar

Na haɗu da Girgis a kasuwar kifi. Tare suka fara aikin jagora da Fikri tun suna samari, har yau teburinsu ɗaya a gidan shayi. Ya ja ni gefe, bayan mai sayar da jatan lande, ya ce, "Ummu Rabab, mutumin naki shekaranjiya sandar fitila ya yi wa sallama. Har ya tsaya jiran ta amsa."

Na ce, "Kai ma Abu Mina ai ba ka amsa sallama, ba mamaki ya ɗauka kai ne."

Ya yi dariya, sai kuma ya daina. Ya ce baƙi ba su gane komai ba, kuma ba za su gane ba. Ya ce, "Kin san mu da baya muke tafiya. Tun ranar farko abin da aka koya mana ke nan, ba a juya wa baƙo ƙeya. Fuskarka tana wajensu, dutsen yana bayanka, ka nuna da laima ta saman kafaɗa. Fikri ya san kowane taku da ƙafarsa. Wallahi ko an ɗaure masa fuska zai yi aikin." Ya ce shi dai matakala yake ji masa tsoro.

Na sayi kifin sardin kilo ɗaya, na zo gida na tarar a wurin mai kifin na baro shi.

Juma'a, 17 ga Janairu, da safe

Takardar tana nan. Na ɗaga kwalbar zuma na goge ƙarƙashinta na mayar.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan magariba

Na bi shi har wurin ginshiƙin Sawari. Mace mai shekara sittin da biyu tana laɓe-laɓe a bayan mijinta kamar ɓarauniya.

A unguwar Bahari aka haife ni, a nan na yi aure, na koyar da lissafi shekara talatin, amma ban taɓa sa ƙafa a wuraren nan ba. Wa yake zuwa? Na baƙi ne. Mu sai dai mu hango kan ginshiƙin Sawari daga cikin jirgin cikin gari mu san mun iso unguwar Karmuz. Mai sayar da tikiti ya ce, "Hajiya daga wane gari?" Na ce daga nan. Ya dube ni kamar na ce masa daga wata na sauko.

Baƙinsa na yau malaman makaranta ne daga Asyut, sun kai ashirin. Na shige ƙarshensu na ja koren mayafina. Ga Fikri a gaba, laima a sama, yana hawa matakala da baya yana magana, ko tuntuɓe babu. Duk abin da yake faɗa na haddace shi, don a kan teburin cin abincina ya gwada shi shekara da shekaru. Ginshiƙin dutse ɗaya ne tak, daga Aswan aka kawo shi ta kogi. Turawa suna kiransa da sunan wani sarkin yaƙinsu, shi kuwa sarkin yaƙin ko a mafarki bai gan shi ba. A nan ake dariya, kuma aka yi.

Sai ya dubo inda nake ya ce, "Madam mai koren mayafi, matso kusa mana, ba ma cizo."

Na matso. Taku uku ne tsakanina da shi. Ya yi min murmushin da yake yi wa baƙi, ya ci gaba.

Sannan ya ɗaga laima ta kafaɗar dama. "Yanzu ku dubi bayana. Zaki mai kan mutum. Ku dubi bakinsa da kyau. Shekara fiye da dubu biyu yana wannan murmushin, har yau bai gaya wa kowa dalili ba."

Zakin kuwa an naɗe shi da shuɗin tampol an ɗaure da igiya, masu gyara sun kifa bokitinsu a kansa. Wata ta rufe baki da hannu. Wani mai gashin baki ya ce, "Ustaz, mu dai tampol muke gani, sai bokiti."

Fikri ya juya. Ya daɗe yana kallo. Ya taka zuwa wurin, ya miƙa hannu, sai da ya taɓa sannan ya sani. Ya juyo ya ce, "Sanyi yake ji, shi ma tsufa ne." Suka kwashe da dariya har da tafi, sun ɗauka cikin wasan ne.

Ni na ga laimar. Bai ƙara ɗaga ta ba, ya dogara da ita a ƙasa.

Na riga shi zuwa gida. Da ya shigo na ce ya aiki, ya ce alhamdulillahi.

Lahadi, 19 ga Janairu, da azahar

Guguwar teku ta sauka tun asuba, ruwa har kan titin bakin teku. Bai fita ba. Ya ce saboda ruwan ne.

Talata, 21 ga Janairu, da hantsi

Ruwa ya ɗauke tun jiya. Bai fita ba. Ya kira Girgis ya ce ya karɓi Italiyawan da za su sauka a jirgin ruwa, wai bayansa ke ciwo. Laimar ya ɗora ta saman kwabet, can inda muke ajiye bargunan da ba ma amfani da su. Yana zaune a baranda da rediyo a cinya, bai kunna ba.

Lafiya lau muke.

Laraba, 22 ga Janairu, bayan la'asar

Na yi masifa. Ban yi niyya ba. Ya nemi takalminsa, ga shi a gaban ƙafarsa, yana lalube da yatsa yana waƙa don kar in lura. Sai kawai na ɗauko takardar na buga a kan tebur na ce, "Fikri, don Allah don Annabi ka sa hannu. Me kake jira? Sai ka yi wa jirgin cikin gari sallama?"

Da ya mayar min da masifa da na ji daɗi. Sai ya ce a hankali, "Awaɗif, ɗan abin da ya rage min kaɗan ne, amma nawa ne. Ina ganin haske. Ina gane ja da kore. Kina so in ɗauka in miƙa wa mai wuƙa, in farka babu komai?"

Na ce ai ko ba ka miƙa ba tafiya yake yi.

Ya ce, "To ya tafi da ƙafarsa. Ba ni zan kore shi ba."

Na fita baranda na zura kwando ƙasa wurin mai shago. Ya ɗaga kai ya ce me za a sako, na rasa me na zuro shi ya ɗauko. Na ce ashana. Ashana kwali shida gare mu a kicin.

Juma'a, 24 ga Janairu, da safe

Rabab tana son ta zo ta tsare shi sai ya sa hannu. Na ce ta zauna wurin 'ya'yanta. Halinsu ɗaya da ubanta, in suka haɗu takardar ce za ta yage.

Lahadi, 26 ga Janairu, bayan la'asar

Na hau kujera na sauko da laimar, na ajiye masa a cinya. Na ce, "Shekara talatin da takwas ina wanke maka kwat, kana kai Jamusawa da Italiyawa su ga gari. Matarka fa? Ko sai na zo a jirgin ruwa da gajeren wando?"

Ya ce, "A'uzubillahi. Ki rufa wa tarihi asiri."

Na ce ni dai yau baƙuwa ce, kuma na yi wanka.

Muka tafi dandalin wasa na Rumawa a Kom Dikka. Muna shiga ƙofa mutumin ya canza. Ƙirji ya fito, murya ta dawo, ya juyo ya fuskance ni ya fara tafiya da baya. Madam kaza, Madam kaza. Ya tsayar da ni a kan wani dutse a tsakiyar wurin, ya ce duk abin da aka faɗa a nan sai ya dawo wa mai shi. Ya ce in gwada. Na cika ƙirji na ce, "Sa hannu!" Maganar ta dawo ta dake ni a kunne biyu. Wasu 'yan Japan suka waiwayo. Ya ce, "Shekara dubu da ɗari shida wurin nan bai ji masifa irin taki ba."

Yana ta nuna min matakalan marmara ta saman kafaɗa, sai na ce, "Kai yaushe rabonka da ka kalle su?"

Ya ce kullum yana nan. Na ce ba zuwa na tambaya ba. Ya ce ba a juya wa baƙo ƙeya. Na ce to baƙuwa ta matsa. Na zo na tsaya a gefensa, na kama kafaɗunsa na juya shi kamar yadda nake juya ɗalibaina su fuskanci allo.

Rana ta fito bayan ruwa, marmaran ya wanku tas. Ya tsura wa matakalan ido. Can ya ce, "Haka suke da fari?"

Na ce haka suke.

Ya ce rabonsa da ya tsaya ya kalle su tun yana ɗalibi. Muka zauna a mataki na uku har mai gadi ya zo ya gaishe shi. Ban taɓa ganin Fikri ya yi rabin awa a wurin tarihi bai ce uffan ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, shekara arba'in yana zuwa, da ido biyu da kuma ɗaya, bai tsaya ya kalla ba.

Talata, 28 ga Janairu, bayan magariba

Kom Shuƙafa. Bai kamata mu je ba. Laifina ne.

Laraba, 29 ga Janairu, da hantsi

Bari in rubuta, ko zai bar ƙirjina.

Kaburburan a ƙarƙashin ƙasa suke, ana sauka ta matakala mai zagaye. Shi ya ce mu je, yana son in ji labarin jakin da ya rufta rami aka gano wurin. A bakin matakalar ya juya zai sauka da baya kamar yadda ya saba, na ce wallahi sai dai a bisa gawata. Na shiga gaba, na ɗora hannunsa a kafaɗata. Wannan ne karo na farko da ya yarda na ja shi.

A ƙasa akwai fitilu, ni ina ganin komai, macizan da aka sassaƙa a bakin ƙofa da gumaka masu kan kare sanye da kayan sojan Rum. Na juya shi kamar na ranar Lahadi na ce to kalla. Ya kalla. Ya ce, "Ina?" Na ce gabanka. Ya ce, "Awaɗif, an kunna fitilun?"

Hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata. Ya ce, "To haka zai zama ke nan."

Bai ba ni labarin jakin ba. Muka hau, mataki ɗaya ɗaya. A waje ya tsaya ya ɗaga fuska sama yana ƙifta ido kamar wanda ya fito daga ruwa. Mai dankali ya kira shi da suna, bai ji ba.

Alhamis, 30 ga Janairu, da la'asar

Wata guguwar. Masunta sun ja jiragensu gaɓa, tagoginmu sai kaɗawa suke. Na yi miyar adas, ƙananan waken nan, muka ci a kicin don ya fi ɗumi.

Ban san me ya kai bakina ba. Na ce masa ina wurin ranar tampol.

Ya ajiye cokali. Ya ce Girgis ne ya gaya min. Na ce a'a, da idona. Ya ce a ina na tsaya. Na ce a gabanka. Ina kallon fuskarsa yana ƙirga baƙin ranar ɗaya bayan ɗaya, don ba ya manta baƙo. Sai ya ce, "Koren mayafi."

Na ce e.

"Wadda na ce ta matso."

Na ce e.

"Kika matso?"

Na ce har taku uku.

Maganar zakin ko a jikinsa, bai ma ambata ba. Sai maimaitawa yake, taku uku, taku uku. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Miyar ta huce a kwano. Na yi nadama, kuma ban yi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da safe

Takardar tana nan. Amma ba yadda na ajiye ta ba, kwalbar zumar ta koma ɗaya gefen.

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan la'asar

Shi ya ce mu koma wurin ginshiƙi. An cire tampol. Bai ɗauki laima ba, bai yi min Madam ba. Ya je gaban zakin ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa nasa, ya daɗe, sannan ya miƙe ya ce, "Ummu Rabab, wannan ai ba murmushi yake yi ba. Bakinsa ne ya gutsure."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Mutum dubu nawa ya tura gida da murmushin nan? Ya ce kar in kuskura in gaya wa Girgis.

Ginshiƙin kuwa ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har hularsa ta faɗi. Ya ce yana ganin inda ya ƙare, baƙi a jikin sama. Ya ce ya faɗi tsawonsa sau dubu goma amma bai san wuya yana ciwo in an kalle shi ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da azahar

An kira daga asibiti. In ba a kai takardar ran Lahadi ba za a ba wani ranar. Na ce na ji. Yana zaune kusa da waya, shi ma ya ji.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan sallar Juma'a

Ya je masallacin Abul Abbas da Girgis a gefensa. Da yake Girgis Kirista ne, ya raka shi har ƙofa, ya zauna a gidan shayi yana jira, ya dawo da shi. Na ba Girgis shinkafa da madara a kwano ya kai wa matarsa Ummu Mina. A matakala ya raɗa min, "Ya ce wani abu?" Na girgiza kai.

Lafiya lau. A'a. Na gaji da rubuta wannan.

Asabar, 8 ga Fabrairu, bayan magariba

Da safe na shiga kicin na ga kwalbar zuma ita kaɗai a kan firij. Na duba kwandon shara, na duba bayan firij. Na ce shi ke nan ya yaga ya zubar ta taga. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Ya fito da kwat ɗinsa, ya miƙo min laimar. Ya ce, "Yau ni ne baƙo. Kai ni Ƙal'a."

Ƙal'ar Ƙaitbay, tsohon ginin tsaron nan na bakin teku, daga barandarmu ake hango ta, tafiyar minti goma ce, kuma yau na fara shiga. Teku ya kwanta, masu ƙugiya sun jeru a kan duwatsu, rana kamar an wanke ta. Muna wuce ƙofa na ɗaga laima, na juyo na fuskance shi na fara tafiya da baya. Taku biyar na taka wutsiyar kyanwa, ta yi ƙara na yi ƙara. Ya ce, "Jagora, a hankali, kyanwar ma ta tarihi ce."

Na fara. Jama'a barkanku da zuwa. A nan ne tsohuwar hasumiyar fitila ta tsaya, wadda jiragen ruwa suke hangowa daga nesa, girgizar ƙasa ta kayar da ita, sarki ya zo ya gina wannan a gurbinta. Na faɗi shekarar, ya ce na ƙara ɗari. Na ce baƙo ba ya gyara wa jagora. Ya ce wannan baƙon ɗan iska ne, a yi haƙuri da shi.

Muka hau kan katangar da ke fuskantar teku. Na tsaya, Ƙal'a a bayana fara sol, na nuna ta saman kafaɗa kamar yadda yake yi. Na ce ku dubi jajayen duwatsun nan na bakin ƙofa, ana cewa na tsohuwar hasumiyar ne. Ku dubi tagogin. Ina ta zuba, sai na lura idonsa bai bi laimar ba.

Na ce, "Malam, ginin yana can."

Ya ce, "Na ga gini. Matso."

Na matso. Ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce ƙara, har sai da numfashinsa ya taɓa goshina, ga mutane suna wucewa, ga wasu 'yan mata suna ƙyalƙyala dariya. Na ce Fikri, jama'a fa. Ya ce, "Nan. Daga nan nake ganinki. Tsaya."

Na tsaya. Ya juya ni kaɗan rana ta sauka a fuskata. Ya kalla kamar yadda ya kalli marmaran nan, ba gaggawa. Ya ce na tsufa. Na ce kai ka tsufar da ni. Ya ce gashin girata ya yi fari, na ce na sani, ina da madubi.

Sai ya ce, "Wannan tabon na gefen girarki. Kullum ina ganinsa, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka da shi kika zo duniya."

Na ce ka ji masanin tarihi.

Ya ce, "To jagora, ba ni tarihinsa."

Na ba shi. Shekarar da Rabab take haƙori, kana Luksor da Italiyawa kwana tara. Zazzaɓi ya rufe ta, na tashi da gudu zan jiƙa tsumma, na yi karo da murfin taga. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta riƙe yarinyar, ni na tafi da tawul a fuska aka yi min ɗinki uku. Da ka dawo kana ta ba ni labarin wata tsohuwar da ta faɗo daga kan raƙumi, sai na ga nawa labarin bai kai ba, na bari.

Bai yi dariya ba. Ya zaro takardar daga aljihun kwat, a ninke huɗu, ya shimfiɗa a kan katanga, iska tana neman ɗauke ta. Ya ce, "In na zauna, bazara na zuwa ko daga nan ba zan gan ki ba. In na je, wataƙila." Ya ba ni hannunsa ya ce in kai shi kan layi. Na kai shi. Sa hannun ya hau sama ya karkace, amma nasa ne.

Na ninke na sa a jaka, na ce mu tafi kafin in yi abin kunya a gaban mutane. Ya ce saura abu ɗaya. Ya rufe idonsa gam, ya ɗago hannu, ya ce bari ya gwada ko zai gane hanya a haka. Ya fara daga haɓa. Ya bi kumatu, ya ɓata ya je kunne, ya dawo. Ban taimake shi ba, ya ce kar in taimake shi. Babban yatsansa ya hau gira, ya bi ta a hankali har ƙarshe, ya tsaya.

Ya ce, "Ɗinki uku."

Na ce uku.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Sun shiga da shi ɗakin tiyata. Rabab tana ta kai da kawo, Girgis ya tafi neman shayi. Da za su tura gadon ya ce wa ma'aikaciyar ta dakata, ya ce in sunkuyo. Na sunkuya har inda yake ganina. Ya kalla, sannan ya ce mata, "To, mu je."